Sunan da Kakana Ya Haɗiye

Biyar ne, in ji Malam Ɗalhatu,
alli na kuka a jikin allo:
Yuta, Omaha, Gwal, Juno, Takobi.
Bakin teku ne a Nomandi, ƙasar Faransa,
ran shida ga Yuni, shekara ta arba'in da huɗu.
Ba sunayen yanka ba ne, na ɓad da sawu ne,
kada abokin gaba ya san ta inda za a ɓullo masa.
Ku haddace, yana fitowa a jarrabawa.

Na ɗauko su a baki kamar alewa
tun daga Alhudahuda har Tudun Wada ina tsotsa.
Na iske kakana a zaure, Kofur Barau,
ya kwance fitilar gadinsa yana sa mata lagwani.
Ya ce, kai kuma wane wuridi ne wannan?

Na ce, yaƙinku ne, Baba.
Jirage dubbai, asuba guda, yashi biyar.

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Ya ce, Turawa ke nan.
Su raɗa wa yashi suna, ba rago, ba wanzami,
mu kuma da aka yanka mana rago
su ba mu lamba.

Ni ban je Faransa ba, ɗan nan.
Namu ruwan yana Bama.
Daga barikin nan aka zuba mu a tarago,
ni da Jatau na Anguwar Juma,
wanda duk iyonsa a Kubanni ya koya,
inda ruwa in ya yi fushi ya kai ƙirji.
A Ikko ya ga teku, ya kama hannuna,
ya ce, Barau, ina ɗaya gaɓar?

Tamu gaɓar ma tana da irin wannan suna.
Da dare hafsa ya faɗa mana, sau ɗaya,
ya ce kowa ya haɗiye.
Na haɗiye.
Kwalekwalen ƙarfe ya saki haɓa,
muka faɗa, bindiga bisa kai kamar tallan fura,
laka na cire mana takalma,
itatuwa tsaye cikin ruwa a kan ƙafafu da yawa.
Jatau na damana yana karanta abin da ya sawwaƙa.
Na waiga, sai hularsa.
Hular ta iya iyo.

Ya murɗa lagwanin sama, ya dawo da shi.
Ya ce, da na dawo, uwarsa ta tare ni a Ƙofar Doka,
ba ta yi kuka ba, ƙullin goro ne a hannunta,
ta ce faɗa mini sunan garin kawai,
in san inda zan aika addu'a.
Na buɗe baki, na laluba har ciki.
Shekara arba'in ke nan ina laluba.

Fitilar ta kama. Ya hure ta, rana ba ta faɗi ba.
Ya ce, sake faɗo naku in ji.
Na faɗo.
Ya ce, Takobi dai na gane.

Ran jarrabawa na jera su biyar, ban yi tuntuɓe ba,
Malam Ɗalhatu ya ba ni goma bisa goma
ya kewaye wani abu da jan biro,
ya rubuta a gefe: wannan ba ya cikin manhaja.
Na shida ne. Na sa Jatau.

Kofur ya rasu da damina biyu bayan nan.
Fitilar tana wurina, gilashin ya tsage.
Yanzu in na bi ta bakin Dafo da sassafe
kuratan soja na gudu, kawuna a aske,
suna amsa waƙa, ƙasa na amsa musu,
sai in rage wutar babur
in ga ina duba fuskokinsu ɗaya ɗaya
kamar an ce in riƙe wa wani.